Gidan haya kamar saniyar tatsa ne, sai ya ci yake ba da nono

  

A rabon asusunmu na bara nan Maradi, bayan an buɗe akwati kowa ta amshi nata, sai shugabar zama ta ce kowace ta faɗi burinta. Da can amsar ɗaya ce: tunkiya, keken ɗinki, kayan ɗakin ɗiya. A wanga karo kusan rabin mata cewa suka yi fili suke so, su gina ɗaki biyu ko uku su zuba ƴan haya, don ranar da ƙarfi ya ƙare su samu abin cefane ba tare da sun miƙa wa kowa hannu ba. Buri ne mai kyau. Tun da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, mata sun tashi daga zubin dala ashirin sun kai ga maganar fili, wannan abin godiya ne.

Sai dai mu da muka riga muka shiga harkar, mun ga daɗinta mun ga ɗacinta. A ƙungiyarmu mata shida ke da ɗakunan haya, kuma babu wadda ba ta taɓa yin kuka a kansu ba. Shi ya sa muka zauna muka tattara abin da muka koya, don wadda ke bayanmu kada ta faɗa ramin da muka faɗa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Takarda tukuna, kafin tubali

Bari mu fara da labarin da ya fi yi mana ciwo. Wata ƴar'uwarmu ta shekara goma sha ɗaya tana matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli. Da kuɗinta suka kai na fili, ba ta da katin shaidar ɗan ƙasa, kuma tana jin nauyin shiga buro. Sai ta ba wanta kuɗin, ya je ya yi ciniki, aka rubuta sunanshi a takarda. Mutumin kirki ne, bai taɓa cin ko dala ta hayar ba. Ta gina ɗaki huɗu. Ana nan Allah ya yi mishi rasuwa, aka zo rabon gado, aka lissafa gidan cikin dukiyarshi, tun da sunanshi ne a rubuce. Shekara biyu tana yawon neman shaidu. A ƙarshe aka yi sulhu ta samu ɗaki biyu, zumunci kuwa har yau bai koma yadda yake ba. Ba wanda ya yi niyyar cutar ta. Takarda ce ta yi magana, ita kuwa takarda ba ta san man gyaɗar wa aka matsa ba.

To ƴar'uwa, in kuɗinki ne, sunanki za a rubuta. In ba ki da katin shaida, ki yi shi kafin ki fara neman fili. Ki tafi da maigida ko wa ko ɗa su yi miki rakiya, su zama shaidu, amma suna naki.

Takardun fili iri-iri ne, ya kamata mu san su da sunan da aka rubuta a samansu da Faransanci, don kada a miƙo mana wata a ce wata ce. A cikin gari, inda aka yanka filaye, takardar da aka fi sani ita ce “acte de cession” wadda meri ke bayarwa, tana ɗauke da lambar rukunin filaye da lambar filin kanshi. Wadda ta fi kowace ƙarfi ita ce “titre foncier”, tana da tsada da ɗaukar lokaci, amma wadda ta samu hali ta neme ta. A karkara kuma, tun dokar ƙasar noma da kiwo ta 1993, akwai kwamitocin kula da filaye da ake kira COFO, daga na ƙauye har na kwamin da na dapartama, su ke ba da takardar shaidar saye, ko kyauta, ko gado. Ƴar takardar da mai saidawa ya rubuta da bik a gindin bedi tana da amfani wajen nuna kin biya, amma ita kaɗai ba ta isa ba.

Kafin ki ba da ko jikka ɗaya, ki ɗauki hoton takardar ki je meri a duba miki rajista: sunan wa ke kan wagga lamba? Ba a taɓa saida filin ga wani ba? Ba hanya ba ce, ba filin lakwal ko na kasuwa ba ne? Fili ɗaya a saida wa mutum biyu ko uku ba sabon abu ba ne a garuruwanmu. Ki sa a nuna miki duwatsun iyaka huɗu da idonki, ki ga lambar ta yi daidai da ta takarda. In filin gado ne, kada ki yarda da babban ɗa kaɗai, sai duk magada sun amince, mata da maza, an sa hannu gaban shaidu. In an gama ciniki kuma kada ki ajiye takardar da sunan tsohon mai fili, ki koma a juya ta zuwa sunanki ko da kuɗin juyawar ya yi miki nauyi. Sun fi kuɗin shari'a sauƙi.

In ƙungiya ce za ta saya gaba ɗaya, to sai tana da takardar amincewar hukuma, a sa sunan ƙungiya, ba na shugaba ko ma'ajiya ba. A kuma rubuta tun yau: in wata ta fita me za a ba ta, in ta rasu me magadanta za su samu. Tun ran gini tun ran zane.

Ki je ki ga filin da damana

Da rani kowane fili kyakkyawa ne. Dillali zai kai ki a watan Maris, ƙasa ta bushe, ko'ina shimfiɗe. Ki yi haƙuri ki koma cikin Agusta, washegarin babban ruwa, ki ga inda ruwa ke bi da inda yake kwana. Ki dubi katangun maƙwabta, in kin ga zanen danshi ya kai gwiwa, ya gaya miki gaskiyar da dillali ya ɓoye. Ki tambayi tsofaffin matan unguwa, su ba su da kamasho a cinikin.

Mu mutanen Maradi bai kamata a koya mana wannan ba. A 1945 ruwan gulbi ne ya ci tsohon gari har aka hau da shi tudu. Kuma damanar 2024 ba ta yi nisa da za mu manta ba: gidaje nawa suka faɗi a Maradi da Tahoua da Yamai, a Damagaram har tsohon masallacin Birni ya rushe a watan Satumba. Fili mai arha cikin kwari ko bakin tafki, arharshi ta ranar saye ce kawai.

Bayan ruwa, ki tambayi kanki: wa zai zauna nan? Ɗaki a bayan gari inda babu pampo babu kuran, sai ya shekara a rufe. Inda ke da ƴan haya shi ne kusa da kasuwa, tasha, likita, lakwal, da jami'a. Yanzu Maradi da Damagaram da Tahoua duk suna da jami'a, ɗalibai na neman ɗaki kowace shekara. Gara ƙaramin fili inda mutane ke nema da babba inda sai kura.

Mu yi lissafi da gaskiya

Nan ne da yawa daga cikinmu muka ruɗi kanmu. Muna cewa ɗaki uku, kowane jikka 10, wata jikka 30, shekara jikka 360, shi ke nan mun huta. Bari mu buɗe kayen ɗaya daga cikinmu, da izininta, mu ga yadda shekara ke tafiya a zahiri.

Ɗaki ɗaya ya zauna wata biyu babu kowa, jikka 20 sun tafi, saura 340. Wani ɗan haya ya tashi da bashin wata guda, saura 330. Gyaran tol da ke yoyo, yaɓen katanga, yasar salga, fenti da sabon kwaɗo bayan tashin ɗan haya, duka jikka 90, saura 240. Ka raba 240 gida goma sha biyu, jikka 20 ke nan a wata, ba 30 ba. Ita kuwa ta kashe miliyon 2 da jikka 400 wajen ginin, ban da kuɗin fili. Sai ta shekara goma kafin uwar kuɗinta ta dawo.

Ba mu faɗi haka don mu kashe wa kowa gwiwa ba. Gida yana nan, darajar fili tana ƙaruwa, ba ya mutuwa kamar akuya, ɓarawo ba ya ɗaukar shi. Amma sannu yake biya. Don haka kada ki ci bashin asusu na wata biyu ko uku ki zuba a gini. A ƙungiyarmu ƙarin da muka amince da shi ɗaya bisa goma ne a wata. In kin ɗauki jikka 200, ƙarin wata guda jikka 20 ne, daidai da duk abin da gidan nan mai ɗaki uku ke bari. Ina za ki samu na biyan uwar kuɗi? Bashin asusu na sana'a ne mai juyawa da sauri, awara, hatsi, kiwon rago na layya. Gini kuwa da kuɗin rabo ake yin shi, da adashe, da ribar sana'a, da abin da ɗiya ya aiko daga ci-rani. Kuma kada ki saida jarin sana'arki kaf ki sayi siminti, sana'ar ce za ta ciyar da ke har gidan ya fara ciyar da ke.

Gini da gyara

Ba dole ba ne a gama gida shekara guda. Wadda ta fi kowa samun nasara a cikinmu shekara biyar ta yi: shekarar farko katanga da ƙofa, ta biyu salga da ɗaki guda, ta sa ɗan haya, hayar ɗakin farko da rabon asusu suka tada na biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

In kuma kina da tsohon ɗaki a gidan gado ko shago da aka bari, kada ki yi saurin rushewa. Da sabon gini gara yaɓe. Ki kira magini mai amana ya duba abu uku: gindin bango, rufi, da azara. In gindin bai zaizaye ba, gara ba ta ci azara ba, to daɓen siminti, sabuwar ƙofa ta ƙarfe, taga da farar ƙasa sun isa su maida shi ɗakin kuɗi. In kuwa bango ya tsage daga sama har ƙasa, ko ya karkata, kada ki rufe da fenti ki sa ɗiyan mutane a ciki. Rai ya fi haya.

Ginin ƙasa abokin gabanshi ruwa ne, daga sama da daga ƙasa. A ɗaga gindin gini da dutse da siminti ya fi hanya tudu, don hanya kullum tasowa take da yashi da shara, gida na nutsewa. Indararo ya zama dogo, ya zubar da ruwa nesa da bango. Masu shafa siminti a kan bangon laka su sani cewa su biyun ba su cika riƙe juna ba. In simintin ya tsage ruwa ya shiga ta baya, laka tana narkewa a ɓoye, waje kuwa sumul. Ki riƙa ƙwanƙwasa bangon da hannu, inda ya yi ƙara kamar ganga to ya saki, a fasa a gyara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ramin salga kada ya manne da bangon ɗaki, ko na maƙwabci, kuma a nisanta shi da rijiya. A yi mishi murfin siminti mai ƙarfi. A fitar da ruwan wanka zuwa rami, kada a sake shi hanya, don rabin faɗan unguwa daga nan yake tashi.

Maganar magini kuwa, mun sha wuya kafin mu waye. Ki sayi kayanki da kanki ko ki aiki wanda kika yarda da shi, ki biya magini kuɗin hannu kawai. Buhun siminti kilo 50 ne, tan guda buhu 20, ki ƙirga ranar da aka sauke, ki ƙirga buhunan da aka zazzage kowace yamma. In za a buga bulo, ku yi magana tun farko guda nawa za a fitar a buhu, don mai son ya burge ki da yawa yashi zai cika. A riƙa ba bulon ruwa safe da yamma kamar mako guda kafin a hau gini da shi. Ki ɗauki guda ki murza gefenshi da yatsa, in yana zuba kamar gari, ba bulo ba ne. Kuɗin aiki kuma kashi-kashi: kaɗan a fara, wani in gini ya kai taga, wani in an rufa, na ƙarshe sai kin duba kin gamsu. Ɗaya daga cikinmu ta biya duka rana guda don magini ya ce matarshi ta haihu. Ɗakin ya kwana damana guda babu rufi, bango biyu suka zube.

Lokacin gini bayan kaka ne, da sanyi, hannu ya yi yawa a gari. Lokacin gyara kuwa Afrilu zuwa farkon Mayu, kafin hadarin farko. A hau rufi a duba ƙusoshin tol, a share indararo, a toshe ramukan ɓera da na gara. Gyaran jikka 5 a watan Mayu shi ke hana na jikka 100 a watan Satumba.

Wa za ki ba ɗakinki?

Ɗaki a rufe yana sa mutum gaggawa, gaggawa kuwa ita ke kawo ɗan hayar da za ki shekara kina nadama. Gara ɗaki ya ƙara wata guda babu kowa. Ki tambayi mai nema: me kake yi, ina ka tashi, me ya tashe ka, ku nawa za ku kwana? Ki aika a tambayi mai gidan da ya baro. Ki nemi ya kawo wanda zai tsaya mishi, mutumin da aka sani a gari.

Kowane irin ɗan haya da halinshi. Ma'aikaci yana biya ƙarshen wata, amma ana iya sauya mishi wurin aiki ya tashi ba shiri. Ɗalibai suna zuwa da yawa, su huɗu a ɗakin mutum biyu, kuma da hutu sai su ce ba su kwana ba ba za su biya ba, sai a yi wagga magana tun ranar shiga. Ɗan kasuwa wata ya biya na wata uku, wata ya ce kasuwa ta faɗi. Mai iyali ya fi zama, amma ruwa da salga sun fi shan aiki. In gida ɗaya ne tsakar gida ɗaya, ki yi tunani kafin ki haɗa gwauraye da matan aure.

Wanda ya fi wuya shi ne dangi. Ɗan ƙanwa ya yi aure babu ɗaki, a ce ai ga na inna. Ba mu ce a hana ba, zumunci wajibi ne. Amma ki yanke a zuciyarki, ki kuma faɗa da bakinki gaban manya: sadaka ce ko haya? In sadaka ce, ta wata nawa? Wadda ta yi shiru don kunya, ita ce za ta shekara biyar tana gunaguni a ɗaki, shi kuwa yana cewa ai ba ta taɓa tambaya ba.

In dillali ne ya kawo mutum, a san ladanshi tun farko da wanda zai biya, kuma kada ki bar shi ya riƙa amsar miki haya.

A rubuta, ko da ɗan'uwa ne

Da muna jin kunyar kawo takarda, kamar mun ce mutum ɓarawo ne. Amma malamanmu suna tuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take. To kunyar me? Mu da muka yi karatun yaƙi da jahilci, ga ranar amfaninshi. Wadda ba ta iya ba, sakatariyar ƙungiya ta rubuta mata, a karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Kwantira ba sai ta yi tsawo ba. A sa sunan mai gida da na ɗan haya da lambar katinshi, ɗakin da aka ba shi, kuɗin wata da ranar biya, abin da ya bayar na gaba, da na ajiya wanda ake ce wa kosiyon. A sa wa ke biyan ruwa da kuran, wa ke gyara me, mutum nawa za su zauna, da cewa ba zai ba wani ɗakin haya ko ya fasa bango ba sai da izini. A sa wa'adin da kowane ɓangare zai ba ɗayan in za a rabu. Shaidu biyu su sa hannu, a yi kwafi biyu, in da hali a kai meri a buga hatimi. Ranar shiga ku zaga ɗakin tare, ki ɗauki hoton ƙofa, taga, daɓe da kan pampo da salula, don ranar fita kada a ce “haka na tarar da shi”.

Kosiyon kuwa amana ce, ba kuɗinki ba ne. Ki sa ta cikin ambulan ki rubuta sunan mai ita, ki ba ma'ajiya ta aje. Da yawa mun ci ta a biki, ranar da ɗan haya zai tashi muka shiga rance, muka zama mu ne masu laifi.

Ruwa da kuran

Kwantar guda ga ɗaki huɗu, faɗa guda huɗu ne kowane wata. Mai firijin saida ƙanƙara da mai ƙwan fitila ɗaya ba za su biya daidai ba. In da hali, kowane ɗaki a sa mishi ƙaramar kwantar tashi, ko a nemi irin wadda ake sa wa kuɗi kafin a sha. In babu hali, a zauna a ƙirga fitila, fanka, talabijin da firiji, a yanka wa kowa rabonshi a rubuce. Ruwa kuma a raba bisa yawan kawuna. In kwantar da sunanki take, ki sani bashin Nigelec ko na ruwa kanki zai dawo in ɗan haya ya gudu. Don haka kowane wata ki ga takardar biya da idonki, kada ki tsaya ga “an biya, Hajiya”.

Amsar haya da ranar da aka kasa biya

Ki tsaida rana guda, ki saya kaye guda na gidan kaɗai, kowane ɗaki da shafinshi. Wanda ya biya ki rubuta, ki ba shi ƴar takardar shaida. In ta salula ya turo, kada ki goge saƙon. Kada ki aiki ƙaramin yaro amsar kuɗi, kada kuma ki riƙa amsa guntu-guntu, yau jikka ɗaya gobe dala ɗari, sai wata ya ƙare ba ki san abin da ya shigo ba.

In wata ya wuce ba a biya ba, ki je da kanki cikin mako na farko, ki yi sallama, ki tambayi lafiya. Sau da yawa ciwo ne ko albashi ya makara. Ku yi yarjejeniya yadda zai cike, a rubuta. In an shiga wata na biyu, ki kira wanda ya tsaya mishi. In an kai na uku, a je gaban mai unguwa, in ta ƙi sai hukuma. Abin da ba mu yarda da shi ba: cire ƙofa, kware tol, yanke ruwa, ko watsa kayan mutum waje. Wadda ta yi haka tana da gaskiya sai ta koma marar gaskiya gaban alƙali, ga kuma alhakin ƙananan yara.

Mu tuna da yawa a cikin wagga ƙungiya ƴan haya ne, wasunmu kuma jiya-jiya muka fita daga haya. Mun san zafin mai gidan da ba ka ganin shi sai ranar kuɗi, rufi na yoyo ya ce a tara kwano. Kada mu zama irinshi. In an kira ki don gyara, ki zo. In za ki ƙara haya, ki ba da sanarwa da wuri, ki ƙara abin da hankali zai ɗauka, kada ki yi shi tsakiyar damana ko bakin salla. Ɗan haya mai biya da ya shekara biyar ya fi sabon da zai ƙara miki jikka biyu ya gudu bayan wata huɗu.

Tukunya uku

Ga dokar da muka sa wa kanmu, wadda ta fi komi taimakon mu. Duk hayar da ta shigo a raba ta uku. Kashi ɗaya na gidan ne, ba a taɓa shi ko da biki ko da suna, shi ne dusar saniya: gyara, yasar salga, watannin da ɗaki ke rufe, da lanho. Maganar lanho, ki je buron haraji na garinku ki tambayi abin da ke kanki tun kafin su zo da takarda, ki kuma adana shaidar biya. Kashi na biyu ya shiga asusu, don ɗaki na gaba ko karatun ɗiya. Na uku ki ci, ki sa zane, ki yi zumunci, halalinki ne. Kashin gidan kada ya kwana ƙarƙashin katifa, don kuɗin da ke ɗaki kowa ya san hanyarshi. Mu a akwatin ƙungiya muke aje shi da shafi na daban.

A cikin gida kuma

Kada ki ɓoye wa maigida kin sayi fili, ɓoyon ya fi sayen kawo fitina. Ki shawarce shi, ki girmama shi, ya zama shaidarki. Addini ya ba mace ikon mallakar dukiyarta, aure ba ya maida ta ta miji. In kuwa a filinshi za ki gina da kuɗinki, musamman gidan da ke da abokiyar zama, to a rubuta gaban shaidu cewa ɗakunan naki ne, ko ya yanka miki wurin ya ba ki takarda. Yau ana dariya, amma ranar rabon gado ba a tambayar wa ta sayi tol.

Takardar asali ki sa ta leda, ki sa cikin gwangwani mai murfi saboda gara da ruwa, ki aje kwafi wajen wadda kika yarda da ita, ki ɗauki hotonta. Ɗiyanki manya su san inda take. Kuma kada ki ba kowa ita ya kai jingina don bashin da ba naki ba, ko ɗan cikinki ne. In ya kasa biya, gidan ne zai tafi.

Aikin zama mai zuwa

Muna roƙon kowace ƙungiya ta ware rabin awa a zaman mako mai zuwa. Duk mai fili ko ɗaki ta zo da takardarta, sakatariya ta karanta da ƙarfi sunan da ke kai. Mu da muka yi haka, mata uku suka gano sunan da ke kan takardarsu ba nasu ba ne. Biyu sun riga sun gyara, ta ukun muna raka ta meri ranar Litinin in Allah ya kai mu.

Ƴan'uwanmu na Damagaram, Tahoua, Konni, Tasawa da Yamai, ku aiko mana da yadda kuke yi a wajenku, musamman ƙungiyoyin da suka gina shago ko ɗaki da sunan ƙungiya, mu buga a fitowa ta gaba kowa ta ƙaru. Allah ya ba marar gida gida, ya ba mai gida ƴan haya na gari, ya sa mu gama lafiya.